Likita Roger Altounyan, Wanda Ya Gwada Maganin Fuka A Ƙirjinsa

Duk wanda ya taɓa kwana ɗaki ɗaya da mai ciwon fuka, watau asma, ya san irin wahalar da ke cikinta. Ga iska ko'ina, amma ta ƙi shiga ƙirjin mutum. Can gida, ko a Beji ta ƙasar Minna ko a Kano, ƙurar hunturu da ta sussuka da hayaƙin murhu su ke tayar da ita. Mu kuwa mazauna kurmi, a Ikko da Badun, ga hayaƙin motoci ga danshin ɗakuna. Don haka a wannan mako za mu kawo wa masu karatu tarihin wani likita mai fuka, wanda ya ba da ƙirjinsa aka yi ta gwaji har aka sami magani.

An haifi Roger Altounyan cikin 1922 a birnin Halab na ƙasar Sham. Gidansu gidan likitoci ne. Kakansa, wanda asalinsa mutumin Armeniya ne, shi ya kafa wani sanannen asibiti a Halab, ubansa ma likita ne a nan, uwarsa kuwa Baturiyar Ingila ce. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya shiga sojan sama na Ingila, ya zama matuƙin jirgi, har aka ba shi lambar girma. Da aka gama yaƙi sai ya karanta aikin likita a Kambirij da Landan. Yana cikin wannan karatu ne fuka ta kama shi, ba ta kuwa sake shi ba har ya bar duniya. Ya koma Halab ya yi aiki a asibitin gidansu, sa'an nan cikin 1956 ya kama aiki a Ingila, a kamfanin haɗa magunguna na Bengers, wanda ke ƙarƙashin Fisons.

A can ya tarar ana bincike a kan wata ciyawa da Larabawa ke kira khilla, wadda mutanen Masar suka daɗe suna magani da ita. Masu haɗa magani suna sarrafa sinadarinta iri-iri, suna gwadawa a kan ɓeran Masar. Shi kuwa ya lura abin da ya yi wa dabba aiki ba lalle ne ya yi wa ɗan Adam ba. To, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da ma jikinsa ba ya jure gashin ɓeran Masar, da ya shaƙa sai fuka ta taso. Sai ya mai da wannan lalura abin aiki.

Ga yadda yake yi. Yakan dafa gashin, ya tace ruwan, ya shaƙi feshinsa da gangan har ƙirjinsa ya toshe. Sai ya hura wata na'ura mai auna ƙarfin numfashi, ya rubuta abin da ta nuna. Wata rana kuma ya fara shaƙar sabon haɗin da aka kawo masa tukuna, ya bi shi da ruwan gashin, ya ga ko ya kare shi. Haka ya yi ta yi shekara da shekaru, ya tayar wa kansa ciwon sau ɗaruruwa, alhali ya san fuka tana kisa. Akwai lokacin da manyan kamfanin suka ga kamar ɓarnar kuɗi ce, suka ce a daina. Shi da abokan aikinsa suka ci gaba a ɓoye.

Cikin 1965 aka kai ga haɗin da aka sa wa lamba 670. Ya shaƙa, ya bi shi da ruwan gashin, ciwon bai taso ba. Aka gwada wa waɗansu marasa lafiya a Manchesta, aka buga sakamakon cikin 1967, a 1968 kuma maganin ya shiga kasuwa da sunan Intal. Aikinsa riga-kafi ne. Yana hana waɗansu ƙwayoyin jiki da ke cikin hanyar numfashi zubo da abin da ke kumbura ta, amma in ciwo ya riga ya taso ba ya kwantar da shi. Da yake maganin gari ne, kuma sai ya isa huhu zai yi aiki, sai tsohon matuƙin jirgi ya tuna da farfela. Ya ƙago wata 'yar na'ura, Spinhaler, mai ƙaramar farfela a ciki, wadda jan numfashin mutum ke juya ta, ta watsa garin zuwa ƙirji.

Yara masu ɗimbin yawa a ƙasashe dabam-dabam sun amfana da shi. Daga baya waɗansu magungunan shaƙa da suka fi shi ƙarfi sun maye gurbinsa, ko da yake har yanzu ana amfani da sinadarin a maganin ƙaiƙayin ido da na hanci. Altounyan ya rasu cikin Disamba 1987, yana da shekara 65, bayan ya daɗe yana fama da ƙirji.

Abin lura a nan shi ne, mutumin nan ya san hatsarin abin da ya shiga, kuma da yardarsa ya shiga. Mu 'yan Arewa ba mu manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau a Kano, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan cikin wani bincike da ya ƙunshi yara wajen 200. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya musa, sai cikin 2009 aka sasanta da Gwamnatin Kano. Tun 2007 Nijeriya tana da rubutacciyar ƙa'idar binciken lafiya. In likita ya nemi ka shiga gwaji, haƙƙinka ne a bayyana maka amfani da hatsari da harshen da kake ji, a kuma nuna maka kwamitin da ya ba da izini. Kana iya ƙi, kana iya janyewa ko yaushe, ba kuwa za a hana ka magani saboda haka ba. Wanda ya ji bayani ya gamsu ya shiga, ya taimaki 'yan baya kamar yadda wannan likita ya yi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.