Al-Kindi: Malamin da ya kwance rubutun sirri da ƙidayar haruffa

An haifi Abu Yusuf Ya'aƙub bin Ishaƙ al-Kindi a Kufa wajajen shekarar 801 Miladiyya, a gidan mulki, domin mahaifinsa ne gwamnan garin. Asalinsa daga ƙabilar Kinda ne, kuma nasabarsa tana tuƙewa ga sahabi Ash'as bin Ƙais. A Bagadaza ya yi fice, zamanin halifofi Ma'amun da Mu'utasim, har aka danƙa masa karantar da Ahmad ɗan Mu'utasim. Ya wallafa littattafai fiye da 200, aka yi masa laƙabi da Failasufin Larabawa.

Mu dai abin da ya fi jan hankalinmu shi ne ƙaramar risalarsa kan warware rubutun sirri. Tsohuwar dabarar ɓoye saƙo ita ce musanya kowane harafi da wani. A ce an jera haruffan Larabci 28 bisa tsarin abajada, aka yarda a riƙa tsallake uku: alif ya zama dal. Harafi na 27 kuwa, in an ƙara masa uku ya kai 30, sai a zubar da 28, saura 2, wato ba. Lissafin yana zagayowa kamar hannun agogo, kuma wannan lissafin saura, da lambobi masu tsananin girma, shi ne ginshiƙin tsarin RSA na 1977 da ake kare saƙonnin intanet da shi.

Al-Kindi ya lura cewa mai musanya harafi ya sauya masa kama ne kawai, bai rage yawan fitowarsa ba. A Larabci alif da lam sun fi kowane harafi yawa. Don haka a ƙirga alamomin saƙon da aka ɓoye. Wadda ta fi maimaituwa, mai yiwuwa ita ce alif, mai bi mata lam, a haka har ma'ana ta bayyana. Ya kuma yi gargaɗin cewa gajeren saƙo yakan ruɗi mai ƙirga. A ganinmu, wannan gargaɗi ya fi komai nuna zurfin fahimtarsa.

Ƙarshen rayuwarsa bai yi daɗi ba. A zamanin Mutawakkil, 'ya'yan Musa bin Shakir suka kai sukarsa fada, aka ƙwace ɗakin littattafansa, kodayake an mayar masa daga baya. Ya rasu wajajen 873. An samo risalar a ɗakin karatu na Sulaimaniyya da ke Istanbul, sai a 1987 masana suka buga ta a Dimashƙa.