Denis Burkitt

Denis Parsons Burkitt (28 ga Fabrairu, 1911 – 23 ga Maris, 1993) likitan tiyata ne ɗan Ailan, wanda ya yi aiki a Yuganda. Shi ne ya fara bayyana wata sankarar kaluluwa mai saurin yaɗuwa, wadda ake kira da sunansa, ya kuma nuna cewa magani yana iya warkar da ita.

Farkon rayuwa

An haife shi a garin Enniskillen. Yana ɗan shekara 11 ya rasa idonsa na dama. Ya shiga Kwalejin Trinity ta Dublin don karatun injiniya, sannan ya koma likitanci, ya kammala a 1935. Ya yi aikin likitan soja a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ya koma Yuganda a 1946.

Gano cutar

A 1957, a Asibitin Mulago da ke Kampala, ya ga yara masu kumburin muƙamuƙi da ke ƙaruwa cikin 'yan kwanaki. Ya wallafa bayanin cutar a 1958. A 1961 shi da likitoci biyu suka yi tafiyar kusan kilomita 16,000 a mota, suna zagaya asibitocin gabashi da kudancin Afirka. Sun gano cewa cutar tana bin wurare masu zafi da yawan ruwan sama, inda zazzabin cizon sauro ya yi katutu. A Najeriya ya same ta da yawa a kudu, amma ba sosai ba a yankin Kano mai ƙarancin damina. Daga samfurin da ya aika Landan aka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr a 1964.

Magani

Tiyata ba ta wadatarwa, domin kafin a ankara cutar ta bazu a jiki. Burkitt ya gwada magungunan methotrexate da cyclophosphamide, sai kumburin ya riƙa sacewa cikin makonni, wasu yaran kuma suka warke sarai. A Ibadan ma Victor Anomah Ngu ya yi irin wannan aikin. Dukansu suna cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker a 1972.

Wannan ya share fagen yadda ake yi wa manya magani a yau. Da yake ƙarin yana iya ninkawa cikin kwana ɗaya ko biyu, ana haɗa magunguna masu ƙarfi da dama a ba da su zango-zango cikin 'yan watanni, har da allura ta ƙashin baya don kare ƙwaƙwalwa. Maganin yana raunana garkuwar jiki, shi ya sa ake sa ido sosai a kan majiyyaci. Jinkirin zuwa asibiti yana rage damar warkewa. A cikin manya, cutar ta fi kama masu ɗauke da HIV.

Ƙarshen rayuwa

Ya koma Ingila a 1966, inda ya yi suna wajen kira ga cin abincin da ba a cire wa dusa ba, don kare hanji. Ya rasu a Gloucester yana da shekara 82.