Maître Gazonga, mawaƙin Cadi da ake shiga wasansa da dawa da kaji

A ranar 1 ga Afrilun 2006 Allah ya yi wa Maître Gazonga rasuwa a birnin Njamena sakamakon bugun zuciya, yana da shekaru 57. Har yau in aka tashi lissafa mawaƙan zamani na ƙasar Cadi, sunansa na cikin waɗanda ake fara kawowa.

Sunansa na yanka Ahmat Saleh Rougalta. An haife shi ranar 27 ga Mayun 1948 a Am Timan, babban garin yankin Salamat, ya kuma tashi a Fort-Lamy, birnin da aka mayar wa suna Njamena a 1973. Ya fara neman abinci da aikin akawu. A lokacin kiɗan jita mai lantarki ya mamaye biranen Afirka, rumbar Kwango na tashe a gidajen rawa, ƙungiyar Chari Jazz kuma ta riga ta buɗe wa matasan Cadi hanya. Yana ɗan shekara 21 ya ajiye alƙalami, shi da abokansa suka kafa Saltanat Africa a 1969. Bai daɗe ba ya fita ya kafa tasa, International Challal.

Yaƙin basasar da ya rusa Njamena a 1979 da 1980 ya tarwatsa jama'a, har da makaɗa. A Abijan, inda mawaƙan ƙasashe da dama ke zuwa ɗaukar waƙa a wancan zamani, Gazonga ya ɗauki faifan da ya fito da sunansa a 1984, wato Les Jaloux Saboteurs, ma'ana mahassada masu zagon ƙasa. Jita ce ke jan ragamar waƙar, tana tafiya da sauri irin na sukus, ga ƙahoni na amsa mata. Waƙar ta zaga gidajen rediyo da wuraren biki daga Abijan zuwa Yamai da Duwala, daga baya kuma aka sake buga ta a Turai cikin tarin waƙoƙin Golden Afrique. Ya yi waƙa da Larabcin Cadi da Faransanci, don haka ɗan kasuwa da ɗan boko duk sun ji abin da yake faɗa.

Abin da ya fi bambanta shi da saura shi ne yadda ya riƙe ƙungiyarsa. A ƙasar da sayar da kaset ba ya ciyar da mawaƙi, sai ya kwashi makaɗansa suka shiga karkara suna yin watanni suna wasa gari bayan gari. Ya san manomi ba ya da kuɗi a aljihu, don haka ya yarda a shiga da abin da ake da shi: dawa, shinkafa, wake, busasshen kifi ko kaza. Motoci ne ke kwasar kayan zuwa Njamena, a sayar da wasu a kasuwa, a kai wasu gidajen makaɗan. Da haka iyalansu suka ci abinci, kayan kiɗa suka samu gyara, ƙauyen da bai taɓa ganin jita mai lantarki ba ya ji ta da kunnensa.

Bahaushen Njamena ko na Abeshe da ya girma a shekarun 1980 da wuya bai taka rawar wannan waƙa a wani biki ba. Yau 'ya'yansa a wayar salula suke sauraronta.