Jabez Balfour: Wanda Aka Amince da Shi Ba a Duba Littafinsa Ba

An haifi Jabez Balfour a Landan a shekara ta 1843. Mahaifiyarsa, Clara Balfour, sananniyar marubuciya ce mai gargaɗi a kan shan giya. Ya tashi cikin ikkilisiya, ya iya magana, ya kuma iya harkar kuɗi. Ya shiga jam'iyyar Libral ta masu sassaucin ra'ayi, aka zaɓe shi ɗan majalisa a Tamworth a 1880, daga baya a Burnley a 1889. Shi ne magajin garin Croydon na farko.

Babban aikinsa shi ne ƙungiyar ajiya da gina gidaje mai suna Liberator. Masu bi da yawa sun kai ajiyarsu can, har da gwauraye da tsofaffi, domin suna ganinsa ɗan'uwa cikin Ubangiji. Waɗansu fastoci ma sun ƙarfafa membobinsu su sa kuɗi.

Amma littattafan lissafin cike suke da ƙarya. Kamfanoninsa suna sayar wa juna filaye da gine-gine a kan farashin da ya wuce kima, sai a rubuta an ci riba. Da kuɗin sababbin masu ajiya ake biyan na dā. A 1892 asiri ya tonu, ƙungiyar ta rushe, dubban mutane suka rasa abin da suka tara domin tsufansu. Balfour ya gudu zuwa Ajantina. Aka komo da shi Ingila a 1895, aka yanke masa shekara 14 a kurkuku. An sake shi a 1906, ya mutu a cikin jirgin ƙasa a 1916.

'Yan'uwa, mu ma muna da baiko, da kuɗin gini, da adashen zumuntar mata. Sau da yawa muna jin kunyar tambayar ma'aji, kada a ce muna zarginsa. Amma a 2 Korintiyawa sura 8, Bulus kansa ya shirya waɗansu 'yan'uwa su raka gudummawar tsarkaka, domin kada kowa ya sami abin zargi. In manzo ya yarda a sa masa ido, ma'ajinmu ma ba zai ji haushi ba. Bari mutum biyu su ƙirga baiko, a kuma karanta rahoton kuɗi a gaban jama'a. Wannan yana kāre dukiyar gwauruwa, yana kuma tsare ma'ajin daga jaraba. Ubangiji ya same mu da aminci.