Justus von Liebig: Malamin da ya mai da ɗakin masu gadi makarantar kimiyya

Duk lokacin da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta tura tawagarta don tantance wani sashe na jami'a, abubuwan da ake ƙirgawa sanannu ne: malamai nawa, masu digirin digirgir nawa a cikinsu, littattafai nawa, kujeru da na'urori nawa. Ƙirga ce mai amfani, babu mai ja da haka. To amma da a ce irin wannan tawaga ta sauka garin Giessen na ƙasar Jamus a shekarar 1826, da wuya sashen kemistiri na jami'ar garin ya tsallake. Ɗakin masu gadi ne na wani tsohon bariki da sojoji suka tashi suka bari, ba ya ɗaukar fiye da ɗalibai takwas ko tara a lokaci guda, malamin kuma saurayi ne ɗan shekara 23 da ke kwana da iyalinsa a saman benen. Daga wannan ɗaki ne tsarin koyar da kemistiri da jami'o'in duniya ke bi a yau ya bazu, har ya iso gare mu ta hannun Ingila.

An haifi Justus Liebig a garin Darmstadt ranar 12 ga Mayu, 1803. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai sayar da fenti da kayan rini, yana kuma haɗa wasu da hannunsa, a nan yaron ya fara wasa da kwalabe. A makaranta bai taɓuka abin kirki ba, domin Latin da Girkanci ake fifitawa, shi kuwa hankalinsa yana wani wuri. Yana da shekara 13 aka yi yunwar 1816, wadda ta biyo bayan aman wutar dutsen Tambora na Indunusiya, lokacin da sanyi ya lalata amfanin gona a Turai. An kai shi koyon haɗa magunguna a garin Heppenheim, bai cika shekara ba ya dawo gida. Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne wai wani gwaji ya fashe masa a gidan maigidansa aka kore shi, amma wasu masana tarihi suna ganin kuɗin koyon sana'ar ne ya gagari mahaifinsa.

A 1820 ya shiga Jami'ar Bonn wurin Farfesa Kastner, ya bi shi zuwa Erlangen. Abin da ya tarar ya ba shi haushi har ƙarshen rayuwarsa: ana karantar da kemistiri da fatar baki, cikin dogon falsafanci, ɗalibi ya gama bai taɓa auna komai a sikeli ba. A 1822 gwamnatin yankinsu ta Hesse ta ba shi tallafin karatu zuwa Faransa, inda a wancan zamani ilmin ya fi ci gaba. A birnin Paris ne mashahurin masani Alexander von Humboldt ya ga aikinsa, ya buɗe masa hanyar shiga ɗakin gwaje-gwajen Gay-Lussac, sannan ya rubuta wa sarkin Hesse takardar yabo. Da wannan takarda aka naɗa shi ƙaramin farfesa a Giessen a 1824, yana da shekara 21, ba tare da an nemi shawarar malaman jami'ar ba. Digirinsa na dakta ma Jami'ar Erlangen ta ba shi ne a 1823 alhali yana Paris. Mai karatu da ya taɓa zama a kwamitin ɗaukar malamai ya san inda irin wannan fayil zai ƙare a wurinmu.

Kafin mu ci gaba, kalmar da muke amfani da ita ta cancanci a ɗan tsaya a kanta. Kimiyya da Bahaushe ke kiran dukkan ilmin binciken halitta da ita, a Larabcin da muka aro ta sunan wannan fanni ne guda ɗaya na sarrafa ma'adinai, kuma tushensu ɗaya da kalmar da Turawa ke kiran fannin. Mun faɗaɗa ta har ta haɗiye sauran fannoni, sai mai asalin sunan ya rasa suna, muka koma muna cewa kemistiri ko ilmin sinadarai. Sinadari kuwa tun farko abin da maƙera ke liƙa ƙarfe da shi ne.

Rigimar farko da Liebig ya yi a Giessen a kan manufa ce. Ya nemi jami'a ta amince da wata cibiya da za ta horar da masu haɗa magunguna da masu masana'antu, majalisar malamai ta ƙi. Hujjarsu ita ce aikin jami'a shi ne yaye ma'aikatan gwamnati da likitoci da malaman addini, ba horar da masu sabulu da marina da masu dafa giya ba. Sai ya buɗe ta a matsayin makarantar kansa, yana sayen wasu kayan aiki daga albashinsa. Sai a 1833 aka shigar da ita cikin jami'a, a 1839 kuma gwamnati ta ba da kuɗin faɗaɗa ginin, bayan ya sha rubuta takardun koke da barazanar barin garin.

Ba shi ne farkon wanda ya sa ɗalibai gwaji da hannunsu ba, akwai Stromeyer a Göttingen da Trommsdorff a Erfurt kafinsa. Abin da ya zo da shi shi ne tsani mai matakai a bayyane. Sabon ɗalibi zai fara da gano irin sinadaran da ke cikin abu, sai ya koyi auna yawan kowanne, sai ya koyi haɗa abubuwa da tace su, idan ya nuna hannunsa ya faɗa sai a yanka masa wani yanki na binciken da malamin kansa ke yi. Tun safe har yamma ana tsaye a gaban murhu, tsofaffin ɗalibai suna koya wa sababbi, shi kuma yana zagayawa tebur bayan tebur yana tambayar kowa inda ya kwana. Ma'aunin ɗalibi a wurinsa guda ne: za a iya dogara da alƙaluman da ya fitar, ko kuwa?

Abin da ya sa tsarin ya yiwu wata 'yar na'urar gilashi ce mai ƙwallaye biyar da ya ƙirƙiro a 1831. Akan ƙona abin da ake bincike a cikin bututu, ruwan da ya fita a kama shi a wani sinadari mai shan danshi, iskar kabon kuma ta bi ta cikin ƙwallayen nan masu ɗauke da ruwan fotash ta maƙale. Da an auna nauyin da kowanne ya ƙara, an san yawan kabon da haidirojin da ke cikin abin. Aikin da a da sai gwanaye ƙalilan ke iya yi, cikin dogon lokaci, ya zama abin da ɗalibi mai natsuwa zai ƙware a kai. Wannan ne ya mai da ɗaliban Giessen rundunar masu bincike. Har yau hoton na'urar yana cikin tambarin Ƙungiyar Masana Kemistiri ta Amurka. Daga 1832 kuma yana riƙe da ragamar wata mujallar ilmi, wadda daga baya aka sa mata sunansa, don haka sakamakon ɗalibansa ba ya kwana a aljihun tebur. Alƙalaminsa na edita yana da kaifi ƙwarai, ya tara abokan gaba da shi, kuma amininsa Friedrich Wöhler ya sha ba shi baki. Su biyun ma da gardama suka fara sanin juna, lokacin da kowannensu ya auna wani gishirin azurfa daban suka sami alƙaluma iri ɗaya, daga ƙarshe ta bayyana cewa duka biyun suna da gaskiya: abubuwa biyu na iya haɗa kayan gini ɗaya amma tsarin ginin ya bambanta.

Shi kansa Liebig ya yi aikin tantancewa, ba tare da wani ya aike shi ba. A 1838 ya wallafa maƙala a kan halin da kemistiri ke ciki a Ostiriya, a 1840 ya yi wata a kan daular Furushiya, inda ya nuna cewa jami'o'inta, har da ta Berlin mai ji da kanta, ba su da ɗakin gwajin da gwamnati ke ɗaukar nauyinsa yadda ya kamata. Ostiriya ta amsa da yi masa tayin kujera a Vienna. Farfesoshin Furushiya kuwa suka fusata, suka ce yana neman mai da jami'a wurin koyon sana'a. Sai a shekarun 1860 aka gina manyan ɗakunan gwaji a Bonn da Berlin, kuma wanda aka ɗora wa tsara su tsohon ɗalibin Giessen ne, August Wilhelm Hofmann. Wannan gardama ba ta mutu ba, ganin cewa har yanzu akwai yaranmu da ke amsa jarrabawar gwaji a kan takarda, suna bayyana launin da ba su taɓa ganin ya sauya a kwalba ba.

Zuwa 1852 ɗalibai fiye da 700 sun ratsa ta hannunsa, daga Jamus da Ingila da Faransa da Rasha da Italiya da Amurka. Yawan bai kai inda suka dosa muhimmanci ba. August Kekulé ya zo Giessen ne don koyon zanen gine-gine, laccar Liebig ta sauya masa hanya, shi ne a 1865 ya fito da siffar zobe ta sinadarin benzin. Hofmann ya tafi Landan a 1845 ya shugabanci sabuwar kwalejin kemistiri, ɗalibinsa William Perkin kuma, yana da shekara 18, ya yi tuntuɓe da launin rini na farko daga kwaltar gawayin ƙasa a 1856, yana cikin neman haɗa kwinin na zazzaɓin cizon sauro. Adolf von Baeyer, ɗalibin Kekulé, shi ya gano yadda ake haɗa shuni ba tare da ganyen baba ba, kamfanin BASF ya fitar da shi kasuwa a 1897. Cikin 'yan shekaru noman baba a Indiya ya durƙushe, shunin kanti kuma ya bi hanyar fatauci har karofin Kano. Wato cibiyar da aka ƙi amincewa da ita don kada jami'a ta horar da marina, ita ce ta haifi jikokin da suka juya sana'ar rini a duniya baki ɗaya, alheri ga wasu, asara ga wasu. Tsakanin buɗe ɗakin da fitowar wannan shuni shekara 70 ne da ɗoriya, kuma babu fom ɗin tantancewa da ke da gurbin jira haka.

A 1840 ya juya ga noma, ya fitar da littafin da ya fi kowanne ɗaukaka sunansa. Ya rushe tunanin da ke cewa ruɓaɓɓen ganye shi kansa tsiro ke ci, ya nuna cewa kabon daga iska yake samuwa, ma'adinai irin su fosforas da fotashiyam kuma daga ƙasa. Ya yayata ƙa'idar nan da ke cewa abincin da ya fi ƙaranci a ƙasa shi ke yanke yawan amfanin gona, kamar dai manomin da gonarsa ke kukan fosforas, ko buhu nawa na yuriya ya zuba ba zai ga biyan bukata ba. Gaskiya ita ce Carl Sprengel ya riga shi faɗin haka tun 1828, sunan Liebig ne kawai ya fi amo.

A nan kuma ya tafka babban kuskurensa. Ya dage cewa naitirojin da ke saukowa daga iska tare da ruwan sama ya wadaci shuka, ba sai an ƙara ba. A 1845 ya fitar da nasa takin zamani a Ingila, ya haɗa shi yadda ba zai narke da wuri ba don gudun ruwa ya wanke shi, ashe abin da bai narke ba saiwa ba ta iya sha. Manoman da suka saya suka yi asara. Waɗanda suka tabbatar da kuskuren su ne John Lawes da Henry Gilbert a gonar gwaji ta Rothamsted, inda tun 1843 suke shuka alkama fili-fili, wannan da naitirojin, wancan babu, suna auna girbi kowace shekara. Gilbert kuwa tsohon ɗalibin Giessen ne, a can ya sami digirinsa na dakta. A ganina ko wannan kaɗai ya isa shaida ga sashen, tunda ya yaye mutumin da ya iya kayar da malaminsa da sikelin da malamin ya koya masa riƙewa. Liebig dai bai ɗauki abin da sauƙi ba, ya shafe shekaru yana musayar baƙaƙen maganganu da su.

Sauran ra'ayoyinsa a kan jikin ɗan Adam da abinci ma ba duka suka tsira ba. Ya ce nama da danginsa su ne makamashin aikin tsoka, gwaji ya ƙaryata a 1865. Ya ƙi yarda cewa yis abu ne mai rai da ke sa tsami, ya yi ta ja da Louis Pasteur. Tataccen romon naman da aka kafa kamfani da sunansa a 1865, mai masana'anta a Fray Bentos ta ƙasar Yurugwai, ya kawo masa kuɗi, amma daga baya aka gane ɗanɗano ne ya fi yawa a cikinsa, ba gina jiki ba. Hanyar da ya gano ta shafa azurfa a bayan gilashi kuwa ta taimaka wajen raba masu yin madubi da zaiba mai guba.

An ba shi sarautar baron a 1845, daga nan sunansa ya sami ƙarin von. A 1852 Sarki Maximilian na Biyu na Bavaria ya gayyace shi Munich, ya amsa bisa sharaɗin ba zai ƙara tsayawa koyar da ɗalibai a ɗakin gwaji ba, don shekara 28 a gaban murhu sun gajiyar da shi. A Munich ya sami gida mai kyau da babban zauren lacca da manyan gari ke cikawa, ya shugabanci majalisar masana ta Bavaria daga 1859, amma bai sake tara ɗalibai irin na Giessen ba. Ya rasu a can ranar 18 ga Afrilu, 1873. Jami'ar Giessen tana ɗauke da sunansa a yau, tsohon ɗakin masu gadin kuma gidan tarihi ne tun 1920.