Matt Busby: Mutumin da ya gina Manchester United sau biyu

Kai da kake kwana kana musu a Facebook kan Manchester United, ko don kana sonta ko don kana jin daɗin yi mata dariya, ka taɓa tambayar kanka wane ne ya ɗora ta inda take? Yawancin samari tarihin ƙungiyar a wajensu daga Ferguson ya fara. To, kafin Ferguson akwai Matt Busby.

An haife shi ranar 26 ga Mayu, 1909, a wani ƙauyen masu haƙar kwal kusa da Bellshill a Scotland. Mahaifinsa ya rasu a Yaƙin Duniya na Ɗaya yana yaro, shi ma sai da ya taɓa aikin haƙar kwal kafin ƙwallo ta fitar da shi. Ga abin da zai ba ka dariya: bai taɓa buga wa United ba. Manchester City ya buga wa, har suka ci kofin FA a 1934, daga nan ya koma Liverpool ya zama kyaftin. Abokan gabar United guda biyu ke nan!

Da ya karɓi aikin koci a 1945, Old Trafford kango ne, jiragen Jamus sun yi masa ruwan bama-bamai. Filin City suka riƙa ara har 1949. Sharaɗin da ya kafa shi ne a bar masa zaɓen 'yan wasa da horar da su, abin da ba kowane koci ake sakar wa ba a lokacin. Ya ci FA a 1948, lig a 1952, sannan ya juya ga yara matasa. Da su ya ci lig a 1956 da 1957, kuma ya shiga gasar Turai duk da hukumar lig ta Ingila ba ta so.

Ranar 6 ga Fabrairu, 1958, suna dawowa daga Belgrade, jirginsu ya tsaya shan mai a Munich. A yunƙurin tashi na uku, cikin dusar ƙanƙara, ya faɗi. Mutum 23 suka rasu, takwas 'yan wasa ne, har da Duncan Edwards mai shekara 21. Busby kansa sau biyu ana yi masa addu'ar ban kwana a asibiti. Ka tuna, shi ne ya dage a shiga gasar, don haka ka san nauyin da ke zuciyarsa. Ya so ya bar ƙwallo gaba ɗaya, matarsa Jean ce ta lallashe shi. Mataimakinsa Jimmy Murphy, wanda ba a yawan ambata alhali ya cancanta, shi ya riƙe ƙungiyar kafin ya warke.

Shekara goma ya ɗauka yana sake gini. Ya sayo Denis Law, George Best ya taso, ga Bobby Charlton da ya tsira daga hatsarin. Ranar 29 ga Mayu, 1968, a Wembley, suka lallasa Benfica ta Eusebio 4-1, suka zama kulob ɗin Ingila na farko da ya ɗauki kofin Turai.

Sai dai a ganina bai iya barin gado ba. Ya sauka a 1969 amma inuwarsa ta rufe waɗanda suka biyo shi, tsofaffin 'yan wasa ba a maye gurbinsu da wuri ba, a 1974 United ta faɗa rukuni na biyu. Sai 1993 ta sake cin lig, yana zaune a filin yana kallo. Ya rasu ranar 20 ga Janairu, 1994, yana da shekara 84.