Alhaji Mamman Shata: Rayuwarsa da Matsayin Faifansa a Nazarin Waƙar Baka

An haifi Muhammadu ɗan Ibrahim Yaro a Musawa cikin shekarar 1923, a gidan da ba a gaji kiɗa ba. Mahaifinsa bai so ya zama mawaƙi ba, domin a wancan zamani ana lissafa sana'ar cikin roƙo. Tallar goro da alewa ce ta fara fito da muryarsa a kasuwanni da dandali, kuma tun a wannan lokaci laƙabin Shata ya bi shi. Daga baya ya zauna a Bakori, sannan Funtua, tsakiyar ƙasar auduga wadda ta haɗa da Malumfashi da ƙauyukanta. A irin wannan ƙasa, kuɗi kan shiga hannun manomi da ɗan kasuwa da direba idan kaka ta yi, saboda haka mawaƙi na iya rayuwa ba tare da ya jingina da fada ɗaya ba. A nan ya sha bamban da Narambaɗa, wanda ya tsaya ga Sarkin Gobir na Isa. Bikin 'yan sarki da aka yi a Kano a 1952 ya buɗe masa ƙofar sarakuna, amma bai zama makaɗin kowa ba.

Abin da ya fi jan hankalin manazarci shi ne yadda yake ƙirƙira. Makaɗan kalangu su ɗauki kiɗa, 'yan amshi su riƙe amshi guda, shi kuwa ya riƙa zuba ɗiyan waƙa nan take, gwargwadon wanda ya gani a fage da abin da ya faru a ranar. Shi ya sa Bakandamiya ba ta da siga ɗaya: kowane rerawa na da ragi da ƙari. Haka lamarin yake ga masu jaz na Amurka. Faifan da Louis Armstrong, gwanin busa ƙaho, ya ɗauka tsakanin 1925 da 1928 su ne matanin da ake nazari, tun da hikimar a wurin busawa take faruwa.

Wannan ya sa ɗaukar murya ta zama ginshiƙin nazarin Shata, kuma a nan gizo ke saƙa. Faifan garmaho ya takura waƙar dandali cikin 'yan mintoci, Rediyon Kaduna ya yaɗa wasu rerawa ya bar wasu, kaset ɗin kasuwa kuwa sau da yawa ba ya ɗauke da wuri ko shekara. Ɗalibin da ya rubuta rerawa ɗaya ta waƙar Ummarun Ɗanduna ya kira ta waƙar baki ɗaya, ya yi gaggawa. Ya wajaba a faɗi wane faifai aka saurara, a kuma kwatanta shi da 'yan'uwansa.

Tun yana raye ilimi ya karɓe shi. Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digiri na uku a kansa a Jami'ar Indiana a 1975, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, sannan Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihinsa a 2006. Har gobe ana jin muryarsa a tashoshin mota da wayoyin matasan da ba su riske shi ba.

Ya rasu a Kano ranar 18 ga Yuni, 1999, aka yi masa sutura a Daura, garin Sarki Muhammadu Bashar, wanda ya daɗe yana yi wa waƙa.